Yadda Teku Ya Dawo Ya Tarar Da Ƙafafun Iya A Yashi

Duk wanda ya ce muku hutu na je yi a tsibirin nan, ƙarya yake yi, ko kuma ƙarya aka yi masa ya ɗauko ya kawo muku. Mai hutu ba ya dawowa da faratan hannunsa a ɓaɓɓalle. Haka maganar da ke yawo tun daga bakin gada har Utai, wai Zulai ta bar kakarta a bakin teku ta tafi ɗaukar hoto har ruwa ya kusa tafiya da tsohuwa. Hoto dai na ɗauka, ban musa ba. Amma har yau ba wanda ya tsaya ya tambaye ni hoton wa. A kan wannan maganar aka ɗauke Iya daga ɗakin da muke kwana ni da ita tun ina firamare, aka kai ta Kano, aka ce ban iya riƙon amana ba. To, tunda an hana ni magana a tsakar gidanmu, zan yi ta a nan. Wanda ransa zai ɓaci ya ɓaci.

Iya ita ce mahaifiyar Babanmu. 'Yar masunta ce, a bakin kogin Wudil aka haife ta, aure ne ya kai ta Utai, da kakanmu ya rasu ta dawo gidanmu a Sabon Garin Wudil. Ciwon gwiwa ya daɗe yana cin ta. Ni ke shafa mata man zafi, ni ke kama ta zuwa bayi, ni kuma take zagi idan kunu ya yi tsami. Sai ƙanwar Baba, Gwaggo Rukayya, wadda idan ka ce mata Gwaggo take haɗe rai, sai dai Anti. A Kano take aure, abaya take sayarwa ta waya. Ita ta zo da labarin wai wata kwastomarta ta ce akwai wani ɗan tsibiri a gaɓar Tanzaniya, idan aka binne ƙafa a yashinsa mai zafi yana zuƙe sanyin ƙashi tas. Za ta kai Iya, amma tana son mai kula da ita. Ta ce in zo in ga duniya, idan mun dawo kuma ta sa ni a harkar kasuwancinta. Na gama sakandare ina zaune ba abin yi, me zai hana?

Zangon da na fara gane abin da na shigo shi ne tashar jirgin ruwa. Jakunkunan da muka taso da su tun daga gida, manya-manya, na ɗauka kayan Iya ne da garin kunu da su kuka da daddawa. Zif ɗin guda ya ɓalle a hannuna, sai ga abayoyi sun zubo, kowace a ledarta.

Na ce, "Anti, waɗannan fa?"

Ta ce, "Kwashe ki mayar, ana kallonmu. Kin san yadda kaya ke fita idan an ɗauke su hoto a bakin teku?"

Wato ga abin da ya kawo mu. Gwiwar Iya rakiya ta yo.

A cikin jirgin kuwa na ga ta kaina. Tun da ya fara lilo cikina ya juya, na rungume leda ban sake ta ba har muka isa. Iya tana zaune daram kamar a kan tabarmarta, tana ɓantarar goro tana kallona.

"Ji ja'ira. Jikar masunta ce wannan? Da ubana na da rai da ya ce canza ki aka yi a asibiti."

"Tsohuwa, ki bar ni in mutu cikin salama."

"Ki mutu wa zai ɗauki jakunkunan uwar ɗakinki?"

Tsibirin bai kai ko'ina ba. Da a ce babu ruwa kewaye da shi, mai babur zai zagaye shi kafin shayi ya huce. Mutanensa Musulmi ne, ga masallatai, ga mata da lulluɓi, har raina ya ɗan kwanta. A bakin gadar da jirgi ke tsayawa wani dogon mutum mai baƙin gilashi ya tare mu, shi ne ɗan rakiyar da Gwaggo ta samo a waya. Juma sunansa, Iya ta mayar da shi Ɗanjuma nan take. Haƙoransa a waje kullum, Turancinsa kamar ana zuba tsakuwa a kwano. A hoton da ya turo wa Gwaggo, ɗakinmu a kan ruwa yake, ka buɗe taga ka ga kifi. Ɗakin da ya kai mu yana can tsakiyar gari, bayan kasuwar kifi, tagarsa tana kallon bango da janareton maƙwabta. Kifin dai mun same shi, ta hanci. Da Gwaggo ta yi magana ya ce wancan ɗakin ana gyara, gobe za a mayar da mu. Har muka bar garin goben ba ta zo ba.

Ku riƙe wannan, don yana da muhimmanci: daga ɗakin nan ba a ganin teku. Sai ka ratsa lunguna ka yi tafiya kafin ka hango shi. Ba mu taɓa zama mun kalle shi yini guda ba.

Aikina a ɗakin shi ne guga. Abaya baƙa, abaya mai duwatsu, abaya mai hannun jemage. In gama in wanke wa Iya ƙafa, in nemo mata abin da za ta iya ci. Mutanen nan komai sai sun sa masa kwakwa. Shinkafa da kwakwa, wake da kwakwa, miya da kwakwa, har na fara zargin ruwan alwalarsu. Iya ta ɗanɗana ta ture. Ni kuwa idan na rufe ido ba abin da nake gani sai soyayyen kifin bakin gada da yaji a takarda, da hayaniyar ranar Juma'a idan motocin shanu sun cika gari. Ban taɓa sanin zan yi kewar warin kara, kasuwar shanunmu, ba sai da na je inda babu saniya ko ɗaya.

Wata mai shayi a ƙofar masallacin unguwar ita ta cece mu. Ba ta jin Turanci, ba ma jin yarensu, sallama kaɗai muka haɗa. Ta ga yadda Iya ke jan ƙafa, ta zaunar da ita a kan bencinta, ta haɗa mata shayi mai citta, ta shiga gida ta fito da 'yar kwalbar man kanumfari ta durƙusa ta murza mata gwiwa da hannunta. Suka yi ta hira, wannan da Hausa, waccan da nata, kowa na gyaɗa kai. Da muka tashi na tambayi Iya me suka tattauna. Ta ce, "Surukarta ce ba ta da kirki." Yadda aka yi ta sani, Allah kaɗai ya sani.

Sai yawon ganin abubuwa. Ɗanjuma ya haddace su kamar karatun allo: kunkuru, tsohuwar ganuwa, gonar kayan ƙamshi, dolfin, faɗuwar rana a jirgin filafilai, tudun yashi. Duk wanda ke shirin zuwa, ga yadda na gan su.

Kunkurun gaskiya ne, manya ne, wani ya kai turmi biyu a haɗe. Iya ta tsaya ta ƙare wa wani tsoho kallo, shi ma ya miƙo wuya yana kallonta, ta ce, "Sannu, Malam. Kai ma gwiwar ce?" Abin da na gani ke nan, don Gwaggo ta miƙo mini waya ta ce in ɗauke ta tana ba shi ganye, in tabbatar duwatsun hannun rigar sun fito. Ganuwar kuma matakala ce zalla. Ɗanjuma ya rantse ba hawa, muka je muka tarar da hawa, na goya Iya a bayana har sama tana ce mini in daina haki a gaban baƙi. A gonar ƙamshi aka yi ta tura mana ganye a hanci, ana mana bayanin citta da kanumfari da masoro kamar ba mu muke daka yaji da su ba, a ƙarshe aka tare ƙofa da kwandunan sayarwa. Dolfin, wani babban kifi ne wai mai tsalle. An ce ya fito. Ni kaina na cikin leda. Turawa kuwa ko'ina ga su nan, jajaye kamar an yanka kankana, da ɗan abin da bai kai hankici ba a jikinsu. Iya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta ce, "Waɗannan ba su da iyaye ne?"

A hanyar dawowa daga ganuwar ne muka bi ta wani gefen gaɓa, muka ga abin mamaki. Ruwan ya ja baya can nesa, sai fili fetal, kwalekwale duk sun kwanta a kan haƙarƙarinsu a yashi. Iya ta tsaya ta dafa kafaɗata.

"Kin gani? Rani ya kama su. Haka namu yake yi. Da mutanen nan na da wayo da sun zuba dankali da tumatir a nan kafin damina."

Gwaggo ta ce lallai kuwa. Ni ma na ce lallai. Duk wanda ya tashi a Wudil abin da ya sani ke nan: idan kogi ya janye, ya tafi ke nan sai wata shekara. Yara su buga ƙwallo a cikinsa, masu tifa su ɗebi yashi, manoma su yi shuka. Malamin jogarafi ya taɓa zana mana wata da teku a allo, amma wa ya ce mana a yini ɗaya ake tafiyar a dawo? Ɗanjuma yana tsaye yana danna waya. Ko da ya ji Hausa ban ga alamar zai ɗago ba.

Ranar tudun yashi da hantsi muka fita. Wani dogon harshen yashi ne fari fat a tsakiyar teku, ba bishiya, ba dutse, gefe ɗaya ya ɗan yi tozo, ɗaya gefen ya miƙe ya yi ƙasa. Ɗanjuma ya sauke mu daga ƙaramin jirginsa mai inji, ya kafa mana lema, ya ajiye kular abarba, ya ce zai je ya kawo abincin rana yanzun nan. Daga baya muka ji wasu Turawa ya tafi kaiwa wani wurin, ya haɗa aiki biyu a jirgi ɗaya. Bai ce mana komai game da ruwa ba. Ko kalma.

A wajen tozon akwai Turawa da masu jiragensu, maza. Iya kuma sai ta ɗage zane har cinya kafin a binne ƙafar. Ta ce ko za ta mutu da ciwon ba za ta buɗe ƙafa a gaban ƙartin nan ba. Saboda haka muka tafi can ƙarshen harshen, inda ya yi ƙasa, inda ba kowa. Yashin ya ɗau zafi kamar an soya. Na tona rami dogo, ta miƙe ƙafafu a ciki, na tura yashi na rufe har saman cinya.

"Danna sosai. Ke ko rogo aka ba ki ki dasa sai iska ta tuge shi."

Na danna, na ƙara, na hau da gwiwoyina na daddanne. Na ɗago na kalli ruwan, yana can nesa yana sheƙi. Na ce, "Iya, ruwan nan fa?"

Ta yi dariya har goro ya kusa sarƙe ta. "Ni za ki koya wa ruwa? Ina cikin zanen goyo ake tsallaka kogi da ni. Wannan ya yi tafiyarsa."

Ina zaune kusa da ita ina riƙe mata lema sai ga Gwaggo ta taho, ta sha abaya mai ruwan toka, tana ɗaga hannu.

"Zulai! Taso, hasken nan zai wuce."

"Anti, Iya fa? Ba za ta iya tashi da kanta ba."

"Ina za ta je da za ta tashi? Taso mana."

"Ki bari a tone ta tukuna."

Ta cire gilashi ta kalle ni. "Don ki zauna riƙon lema na ɗauko ki tun daga Wudil? Wallahi yarinyar nan ba ki da kunya."

Iya ta karɓe lemar daga hannuna ta ce, "Je ki, don Allah, in huta da bakinki. Zafin nan yanzu ya fara shiga."

Na tafi. Wannan ita ce tafiyar da ake ta yayatawa.

Muka koma bayan tozon, inda Iya ba ta ganinmu, mu ma ba ma ganinta. In ware zane in kare Gwaggo ta canza, in ɗauka tana tafiya, in ɗauka tana waiwaye, in ɗauka tana kallon sama kamar an yi mata albishir. Wannan ta yi duhu, sake. Wannan ta fito da ƙiba, goge. Jiragen Turawa suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Wani mai jirgi ya ɗaga mana hannu ya faɗi wani abu yana nuna teku, Gwaggo ta ce ciniki yake nema, ta juya masa baya. Ina durƙushe ina neman yadda gindin wata abaya zai fito, sai na ji sanyi a gwiwata. Ruwa ne. Inda muka ajiye takalma ɗazu a busasshen yashi, takalman suna yawo.

Na yar da wayar a kan jaka na haye tozon da gudu.

Harshen yashin nan babu shi. Ruwa ya shigo ta baya ya yanke shi, ya bar Iya ita kaɗai a tsakiya, a zaune, ruwa ya kai mata cibiya. Lema ta tafi. Ta ɗaga carbinta sama da hannu ɗaya don kada ya jiƙe. Kuma ba ta yi ihu ba. Ko sau ɗaya ba ta kira ni ba, saboda kada a ce 'yar masunta ta yi wa ruwa kururuwa.

Ban iya iyo ba. A gidanmu ko bakin kogi aka ga mace ta je sai ta sha duka. Haka na faɗa, ruwan ya kai mini cinya, ya kai ƙugu, yana tura ni gefe, na dai isa. Na kama ta ta hammata na ja. Ko motsi. Yashin da na danna da gwiwoyina ya sha ruwa ya kama ƙafafunta kamar siminti.

Na nutsa hannu na fara tono. In kwashe, ruwa ya mayar. In kwashe, ya mayar. Ɓawon katantanwa yana yanka mini yatsu, ina jin farce na ɓallewa ban ko duba ba. Kular abarba ta zo wucewa a kan ruwa, na cafke murfin na ci gaba da shi. Ruwan ya kai wa Iya ƙirji. Duk igiyar da ta zo sai ta mare ni a fuska, gishiri a ido, gishiri a maƙogwaro.

Iya ta ce, a hankali, ba irin muryar da take zagina da ita ba, "Zulai, tashi ki koma tudu."

"Ba inda za ni."

"Na ce ki tafi. Ni na ci zamanina."

"Wallahi tsohuwar nan idan kika mutu a nan sai na kashe ki! Motsa ƙafar!"

Ta motsa. Ta dama ta ɗan saki.

Can kan tozo Gwaggo tana ta salati da ihu, tana kiran Ɗanjuma a waya bai ɗauka ba. Ta shigo ruwan har gwiwa, igiya ta buge ta, ta koma. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta firgita, kukanta na gaske ne. Amma jakar abayoyin tana kanta, ta riƙe da hannu ɗaya, wannan ma na gani da idona.

Allah ya kawo wasu mata a kwalekwale, suna dawowa daga gonarsu ta ciyawar teku, wadda suke shukawa a cikin ruwa su busar su sayar. Ba su tambayi komai ba. Suka diro da zannuwansu, wata ƙatuwa ta rungumi Iya ta baya ta ɗaga mata haɓa sama, sauran suka nutse suna tono da hannu da filafili, suna jijjiga ta gaba da baya. Da ƙafar hagu ta fito Iya ta yi ƙara, ƙarar da ban taɓa ji daga bakinta ba, gwiwar ta gurɗe. Suka ɗora ta a kan tulin ciyawa mai santsi, suka jawo ni ni ma. Zanen Iya ya tafi da ruwa. Kafin in yi tunanin abin yi, ƙatuwar nan ta kwance mayafinta ta rufe mata ƙafafu, ta dafa kanta tana cewa "pole, pole", wato sannu a bakinsu. Wata ta kama hannuwana ta duba yatsun, ta girgiza kai, ta yage gefen ɗankwalinta ta ɗaure mini. Har yau ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Suka biya suka ɗauki Gwaggo. Abaya ko ɗaya ba ta jiƙe ba.

A ɗan asibitin garin aka ɗaure wa Iya gwiwa, aka ce sai an ga likitan ƙashi idan mun koma. Muna nan sai ga Ɗanjuma, da ledar abincin rana a hannu, la'asar ta wuce. Da aka gaya masa abin da ya faru ya buɗe hannuwa, wai ai kowa ya san ruwa yana dawowa.

Turancina na makaranta ya ƙare a nan, na koma Hausa. Na ce, "Kowa? Kowa na gidan ubanwa? Ka ɗauko mutane daga inda kogi ke tafiya wata da watanni, ka zube su a tsakiyar teku da tsohuwa mai ciwon ƙafa, ka tafi neman wasu, sannan ka zo kana mana kowa?" Bai ji ko kalma ba, amma ya ja da baya har ya taka ledar abincinsa. Ma'aikaciyar asibitin ta riƙe ni tana dariya ƙasa-ƙasa.

Gwaggo ta zauna a ƙasa ta riƙe ƙafar Iya tana kuka tana neman gafara. Na tausaya mata a ranar, Allah ya sani. Shi ya sa da ta matso kusa da ni a jirgin sama ta ce, "Zulai, idan mun isa ki bar ni in yi wa Yaya bayani da kaina, ke idan kika fara magana ba kya tsayawa," na ce to.

Ga bayanin da ta yi. Muna tsakar gida, Baba a kan kujera, Umma a bakin ƙofar kicin, Iya a kan tabarma da ƙafa a naɗe, maƙwabta sun shigo sannu da zuwa. Gwaggo ta ba da labarin ruwa tiryan-tiryan, ta zagi Ɗanjuma, ta yabi matan kwalekwale. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To ita Zulai tana ina lokacin?"

Gwaggo ta kalli yatsunta ta ce, "Tana can wajen ɗaukar hoto."

Ta tsaya a nan. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Na ce, "Baba, hoton..."

"Da ke nake? Kin tafi ɗaukar hoto ko ba ki tafi ba?"

"Na tafi, amma..."

"Shi ke nan. Tashi ki ba ni wuri."

Na juya na kalli Iya. Ita da ba a taɓa yin magana a gidan nan ba ta sa baki ba, ko ta kaza ce, ranar ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Kafin magariba an gama shawara: Gwaggo za ta tafi da ita Kano ganin likita, kuma ta ci gaba da zama a can, inda za a kula da ita yadda ya kamata. Yadda ya kamata! Na tsaya da yatsu a ɗaure ina kallo aka naɗe katifarta. Kafin sati ya zagayo labari ya gama gari. Na je sayen kifi, mai kifin ya ce, "A'a, mai hoto, a ɗauke mu mana." Abayoyin kuwa an ce sun ƙare tas, kowa na yaba yadda hotunan suka fito. Maganar sa ni a kasuwanci ba a sake tayar da ita ba, ni ma ban nema ba.

Shekaranjiya da azahar baƙuwar lamba ta kira ni. Iya ce, ta ari wayar wata maƙwabciyar Gwaggo da ta shigo gaishe ta.

"Ke ja'ira, kina raye?"

Na ce, "Ina ruwanki? Ba kin sayar da ni ba?"

Ta ce, "So kike in zauna a gaban mutanen Wudil in ce ruwa ya zo ya same ni a zaune, ni da bakina na ce ya tafi? Ubana mutane ya yi ta cirowa daga kogi. A ce 'yarsa ce..." Ba ta ƙarasa ba. "Kuma Rukayya ni na haife ta. Kin san halin ubanki. Idan ya ji ita ta janye ki, ya daina kallon inda take ke nan har in mutu."

"Ni kuma fa? Ni wa ya haife ni, icce?"

"Ke kina da baki. Ita ba ta da shi, sai gilashi."

Na so in yi dariya, na ƙi. Na ce ya ƙafar. Ta ce ƙafa da sauƙi. An sa ta a ɗaki mai na'urar sanyi, ga gado mai laushi, ga talabijin. Ƙasan ɗakin santsi gare shi kamar an shafa mai, tana tsoron takawa, don haka ba ta tashi sai an zo, kuma kowa na fita tun safe. Shayi da biskit ake ba ta. Ta ce ta nemi kunun tsamiya an kawo mata wani abu a gwangwani.

"Kowa sai 'sannu Hajiya, sannu Hajiya'. Tun da na zo gidan nan ba wanda ya ce mini tsohuwa. Ko mai yi mini rashin kunya babu."

Ta yi tari. Ba ta ce in zo ba. Iya ba za ta taɓa cewa in zo ba. Cewa ta yi mai wayar na son tafiya, ta kashe.

Na zauna a ɗakinmu, a gefen da babu katifa, na yi tunanin mutanen da nake jira su wanke ni. Gwaggo ba za ta yi ba. Iya ba za ta iya ba. Baba ba zai tambaya ba. Idan na ci gaba da jira, tsohuwar nan za ta ƙare a kan gado mai laushi tana kallon bango, ana ce mata sannu Hajiya.

Jiya da safe na durƙusa na gaishe da Baba, na ce masa zan tafi Kano wajen Iya. Ya ce wa ya aike ni. Na ce ba kowa. Ya daɗe yana kallon yatsuna, inda sabon farce ya fara tsirowa a karkace, kamar ranar ya fara ganinsu. Sannan ya ɗauki hularsa ya fita. Umma ta shiga daka mini gero ba tare da na roƙe ta ba.

Gobe in Allah ya kai mu zan hau motar farko. Na ɗaure garin kunu da tsamiya, na naɗe tabarmata. Zan yi sallama, in gaishe da Gwaggo, Gwaggo zan ce mata kuwa, in wuce in shimfiɗa tabarmar a gaban gadon Iya. Ba zan yi faɗa ba, ba zan tona kowa ba. Ya rage nata: ko ta kira Yayanta ta ƙarasa maganar da ta yanke a tsakiya, mu dawo Wudil ni da tsohuwata, ko ta ƙara awo a tukunyarta. Inda Iya ta kwana, nan zan kwana.